Yadda na mayar da injin mashin ɗina daga 125 zuwa 150

Sana'ata haɗa wutar sola ce a gidaje da shaguna, kuma duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san cewa rabin wahalarsa dakon kaya ne. Batir guda mai amfiya 200 yakan kai kilo 60, ga imbata, ga naɗin waya, ga akwatin kayan aiki, kuma ba kowane mai gida ne yake yarda a sanya masa kuɗin Adaidaita Sahu a cikin lissafi ba. Ina zaune a Rijiyar Lemo, ina sayen kaya a Sabon Gari, aiki kuwa yana iya kai ni Hotoro da safe, ya komo da ni Panshekara da yamma, wata rana ma har Kura. Abin da yake yi mini wannan zirga-zirga shi ne wani mashin ɗan China mai injin cc 125 (cc shi ne ma'aunin girman cikin inji), irin wanda makanikai suke kira CG. Tun da gwamnatin jiha ta hana acaɓa a farkon shekarar 2013, mashin a birnin Kano ya koma abin hawan mai shi da kayan sana'arsa, ni kuma nawa ya fi kama da jaki fiye da abin hawa.

Ranar da na san cewa ya gaji, ina hawa gadar sama ta Ƙofar Nassarawa ne da batir ɗaya da imbata a ɗaure a baya. Na shigo da giya ta huɗu, na sauko ta uku, kafin in kai tsakiyar hawan sai da na koma ta biyu, inji yana kuka kamar zai tsage amma tafiyar ba ta wuce ta mai keke ba, masu Adaidaita kuma suna ta danna mini ham daga baya. Dama kafin wannan rana na lura cewa da safe yakan fitar da shuɗin hayaƙi ta salansa, kuma baƙin mai yana raguwa tun lokacin juye bai yi ba. Sayen sabo bai ma shiga tunanina ba, domin tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin sabon mashin ya fi ƙarfin irinmu.

Bakanikena dattijo ne da yake aiki a ƙarƙashin wata darbejiya a wajen Kurna, shi ne ma yake gyara wa mahaifina babur tun ina yaro, shi ya sa nake ce masa Baba, shi kuma yake ce mini Injiniya, rabi girmamawa rabi tsokana. Ya taka kik da hannunsa a hankali don ya ji ƙarfin matsin inji, ya kwance filogi ya duba bakinsa da ya yi baƙi ya jiƙe da mai, sannan ya ce ringi ya cinye, kuma ko an so ko an ƙi sai an buɗe inji. Da na ji haka sai na fito da abin da ya daɗe a raina, na ce tunda za a buɗe, ko akwai yadda za a yi a ƙara masa ƙarfi gaba ɗaya.

"Injiniya, gudu kake so ko ja?" in ji shi. Na ce ja nake so. Ya ce to za mu iya magana, domin da gudu na ce, da ya sallame ni in tafi wajen yaran da suke fasa salansa.

Hanyoyi uku ya shimfiɗa mini. Ta farko ita ce a kai tsohon bulok, wato gangar da fistin yake hawa da sauka a cikinta, wajen masu ribowa su ƙara faɗin raminsa kaɗan, a sa fistin mai girman da ya dace, wanda yakan zo da ƙarin 0.25 ko 0.50 har zuwa milimita ɗaya. Wannan yana maido da inji cikin hayyacinsa, amma ko an kai shi maƙura, abin da zai ƙaru bai wuce cc huɗu da ɗoriya ba, wanda mai ɗauke da batir ba zai ji bambancinsa ba. Ta biyu ita ce a sauke injin baki ɗaya a ɗora wani na 150 ko 200. Wannan ta fi tsada nesa ba kusa ba, kuma tana da wata matsala da mutane ba su cika tunawa da ita ba sai an tare su a hanya: lambar inji a jikin gindin inji aka buga ta, ita ce kuma a rubuce a takardun mashin, saboda haka duk wanda ya canza inji ya bar takardu yadda suke, ya ɗauko wa kansa dogon bayani a gaban jami'an tsaro. Ta uku ita ce a bar gindin inji yadda yake da lambarsa, a sauya bulok da fistin da ringi zuwa na 150. Ita muka zaɓa.

Da yake aikina na lissafi ne, a daren nan sai da na zauna da kalkuleta don in san abin da zan saya da kuɗina. A gefen hagu na injina an buga 156FMI, kuma waɗannan haruffa ba ado ba ne: 1 na nufin silinda ɗaya, 56 na nuna faɗin ramin silinda, F na nufin iska ce take sanyaya shi, M na nufin injin babur, I kuma ajin 125. Ainihin faɗin ramin milimita 56.5 ne, tafiyar fistin daga sama zuwa ƙasa kuma milimita 49.5, idan aka buga lissafi sai a sami cc 124. Ɗan'uwansa na 150, wanda ake rubuta wa 162FMJ, tafiyar fistinsa ita ce dai 49.5, faɗin rami ne kawai ya koma 62, shi ne ya ba da cc 149. Ke nan duk abin da ake ta magana a kai ƙarin milimita biyar da rabi ne a faɗi, wanda yake haifar da ƙarin cc 25, wato kashi 20 cikin 100 na abin da injin yake shaƙa a kowane bugu. Kasancewar tafiyar fistin ɗaya ce shi ya sa ba sai an taɓa karanshaf ba, kuma nan ne sauƙin aikin yake.

Shi kansa wannan samfurin inji yana da tarihin da ya sa ya dace da irin wannan kasada. Kamfanin Honda ne ya fito da CG125 a shekarar 1975, bayan ma'aikatansa sun zaga ƙasashe masu tasowa sun ga yadda ake labta wa babur kaya, kuma ba a canza baƙin mai sai ya zama kamar kwalta. Sai suka ƙera injin da ba shi da sarƙar tayimin, wasu sanduna biyu ne suke tura bawul daga ƙasa, domin ya jure rashin kulawa. Kamfanonin China da dama sun kwaikwayi wannan ƙira, shi ya sa kayan gyaransa suka cika kasuwa, kuma na wannan kamfani yakan hau na wancan.

Yakan hau, amma ba kullum ba, kuma a nan na yi kuskurena na farko. Baba ya ce in bari ya kwance injin tukuna, in ɗauki tsohon fistin da fin ɗinsa, wato ɗan ƙarfen da yake riƙe shi, da gaskit na ƙasa in tafi da su kasuwa. Ni kuwa ina da aiki a Sharaɗa washegari, ba na son mashin ya kwana a warwatse, sai na yi gaban kaina na shiga Sabon Gari na sayo bulok da fistin da ringi a kwali ɗaya, na kawo masa ina jin na rage mana aiki. Da aka buɗe inji aka zo gwada fin, sai ga shi yana rawa a cikin idon konrod, sandar da take haɗa fistin da karanshaf. Ashe fistin na 150 iri biyu ne a kasuwa, akwai mai fin milimita 13, akwai mai 15, injina kuwa mai 15 ne. Ba a nan ta tsaya ba: bututun ƙarfen da ke cikin bulok, wanda suke kira silif, yana da wani ɓangare da yake zarcewa ƙasa ya shiga bakin gindin inji, na wanda na sayo kuwa ya fi bakin faɗi, ya ƙi shiga. Baba bai ce mini komai ba, ya dai mayar da kayan cikin kwalinsu ya ɗaure da roba ya miƙo mini, wannan shirun kuma ya fi faɗa ciwo.

Na koma kasuwa da tsofaffin kayan a leda kamar yadda aka ce mini tun farko. Mai shagon ya yi mini adalci, ya karɓa tunda ban yaga takardar ringi ba, ya kuma fayyace mini cewa bulok na 150 na asali ba ya shiga gindin 125 irin nawa sai an raba injin biyu an kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe sun buɗa bakin, amma akwai wanda aka yi musamman don ya zauna ba tare da sassaƙa ba, sai dai ƙarfen silif ɗinsa ya fi siriri. Na kira Baba a waya daga cikin shagon. Ya ce raba inji yana nufin sabon gaskit na tsakiya da sil-sil da ƙarin kwanaki, kuma duk ɓarɓashin ƙarfen da ya maƙale a ciki zai iya cinye boris, saboda haka in ɗauko mai sirin, amma in sani cewa ba ya son zafi kamar mai kaurin, kuma idan ya cinye ba a cika samun abin ribowa a jikinsa ba, sai dai a sake wani. Na yarda da wannan ciniki ido buɗe. Da ya ce in haɗa da kan inji na 150 da kafiretonsa, sai na ce a bari tukuna mu ga yadda tsofaffin za su yi, domin aljihuna ya fara nauyi a lokacin. Wannan ne kuskurena na biyu, sai dai bai nuna kansa ba sai bayan wata biyu.

An yi aikin ne a wata Asabar cikin hunturu, na kuma zauna a kan benci daga farko har ƙarshe. Abu na farko da Baba ya sa yaransa suka yi shi ne wanke injin ta waje da fetur da burushi, sannan suka kafa buhu ta gefen da iska take kaɗowa, saboda ƙurar hunturu idan ta sauka a kan ƙarfe mai maiƙo ta zama yashin goge ƙarfe. Dama tun ranar da aka zare tsohon bulok ya cusa tsumma mai tsabta a bakin gindin inji kewaye da konrod. Na tambayi dalili, ya nuna mini ɗan ƙaramin kilif ɗin da yake riƙe fin, wanda bai kai zoben yaro ba, ya ce idan wannan ya suɓuce ya faɗa ciki, aikin yini ɗaya ya koma na kwana uku.

Wurin da ya fi daɗewa shi ne wajen ringi, kuma a nan na ga bambancin dattijo da yaro. Bai ɗora su a kan fistin kai tsaye ba. Ya ɗauki kowanne ya tura shi cikin sabon bulok, ya daidaita shi da kan fistin don ya zauna sosai, sannan ya ɗaga bulok ɗin sama yana leƙen tazarar da ke tsakanin bakunan ringin biyu, ya zura siririn ma'aunin ƙarfe ya gwada. Tazarar da yake nema kusan rubu'in milimita ce. Ya ce ƙarfe yana buɗewa idan ya ji wuta, saboda haka idan babu wannan 'yar tazara bakunan za su haɗu su turje, ringi ya karye ko ya kankare jikin silinda. Idan kuma ta yi yawa, matsi ya riƙa zurarewa. Ɗaya daga cikinsu ya matse fiye da kima, sai ya goga bakinsa a kan lallausan fayil sau uku ko huɗu, ya sake gwadawa, ya sake gogawa sau ɗaya. Da ya zo jera su a kan fistin, ya tabbatar ɓangaren da ke da rubutu yana kallon sama, ya kuma karkatar da bakunansu kowanne ya fuskanci gefe daban don kada su yi layi ɗaya su buɗe wa hayaƙi hanya. A kan fistin akwai alamar IN, wadda dole ta kalli wajen kafireto.

Sauran ya tafi da sauri. An ciro ƙananan hannayen da suke bin kam, wato ƙarfen da yake juyawa yana tura sandunan bawul, daga gindin tsohon bulok aka mayar a sabo, aka shafe ramin da baƙin mai, Baba ya riƙa matse ringi da farcensa ɗaya bayan ɗaya yayin da yaronsa yake sauke bulok a hankali. Ya hana a shafa gam a kan gaskit barkatai, domin akwai 'yar hanyar da baƙin mai yake bi ya hau zuwa kan inji, kuma gam kaɗan ya isa ya toshe ta. Notinan kai guda huɗu ya ɗaure su a gicciye, kaɗan-kaɗan, zagaye uku, sannan ya saita tafet, wato tazarar da ke tsakanin bawul da hannun da yake danna shi, a kan 0.08 na milimita, inji yana sanyi. Aka zuba sabon baƙin mai 20W-50 kusan lita ɗaya. Kafin a mayar da filogi sai da ya taka kik sau da yawa don mai ya zaga.

A taku na uku ya tashi, ana gab da kiran sallar La'asar. Ƙararsa ta yi kauri fiye da da, kik ɗin ma ya yi tauri a ƙafa. Baba ya bar shi yana sulo na 'yan mintuna, ya sassauta murfin sama ya leƙa har sai da ya ga mai ya iso yana sheƙi a kan hannayen bawul, sannan ya kashe ya ce mu tafi masallaci, ya huce.

Sharuɗɗan da ya gindaya mini na kilomita 500 na farko sun fi biyan kuɗin wuya. Kada in murɗa totur ya wuce rabi, kada in daɗe a kan gudu ɗaya, kada in bar shi yana aiki a tsaye cikin cunkoso, kuma kada in ɗora masa batir. Dalili shi ne sabon ringi da sabon rami ba su san juna ba tukuna, sai sun goga a hankali kafin su zauna, idan kuma aka matsa musu da zafi tun farko, ramin yakan yi santsi kamar gilashi, inji ya riƙa shan mai har ƙarshen rayuwarsa. Mako uku na yi ina biyan Adaidaita ta ɗaukar mini kaya ina bin ta a baya da mashin fayau, kuɗin da ban taɓa sanyawa a lissafina ba. Don in cika kilomitocin da wuri, bayan sallar Isha'i nakan hau titin Katsina in je Dawanau in dawo, ina hawa giya ina sauka. Bayan kamar kilomita 100 muka yi juyen farko, Baba ya tara man a cikin wani farin kwano ya karkata shi a rana, sai ga ƙananan ƙyalƙyali kamar an barbaɗa kwalli. Ya ce wannan shi ne abin da ringi ya goge, kuma gara ya fito da ya ci gaba da yawo a ciki. Ya wanke 'yar ragar tace mai da ke ƙasan inji, ya sake bin notinan kai da tafet, waɗanda suka ɗan saki bayan sun sha zafi da sanyi.

Tun a wannan lokaci kafireto ya fara nuna gazawarsa. Nawa PZ26 ne, wanda aka auna wa injin 125, yanzu kuwa ana jan iska ta cikinsa fiye da yadda aka tsara. Mashin yakan yi tari idan na buɗe totur da sauri, kuma da muka ciro filogi sai muka tarar bakinsa ya yi fari fat kamar alli. Filogi shi ne madubin inji: idan ya yi fari, fetur ya yi kaɗan a cikin iska kuma inji yana ƙuna, idan ya yi baƙi da toka, fetur ya yi yawa, abin da ake so shi ne launin soyayyiyar gyaɗa. Baba ya zare allurar kafireto, wadda take da tsaga biyar a samanta, ya saukar da kilif ɗinta tsaga ɗaya don allurar ta ɗaga ta ƙara sakin mai, ya kuma sa jet, wato ɗan bututun da fetur yake fitowa ta cikinsa, mai ɗan faɗin rami. Tarin ya tafi, filogi ya fara yin ja-ja, na ɗauka an gama.

Tsugune ba ta ƙare ba, sanyin hunturu ne ya rufa mini asiri. Da watan Maris ya shigo, rana ta fara dukan kwalta, sai na fara jin wata ƙara duk lokacin da na ɗauko kaya na buɗe totur a babbar giya, kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwani. A cunkoson Kurna kuwa zafin da yake tasowa daga inji har ta cikin wando nake jin sa. Da farko na zargi fetur, domin na sha a wajen 'yan bumburutu sau biyu a makon, amma da na cika tanki a gidan mai ƙarar ba ta daina ba. Da na sake komawa kan kalkuleta sai na ga abin da Baba ya hango tun ranar da nake tsaye a shago. Ɗan kwarmin da ke cikin kan inji, inda wuta take tashi, na 125 ne bai canza ba, amma abin da ake tura masa ya ƙaru da kashi ɗaya cikin biyar. Injin da aka yi shi ya matse iska da mai kamar ninki 9 ya koma yana matsewa fiye da ninki 10, idan kuma zafin Kano na bazara, wanda yakan haura digiri 40, ya haɗu da wannan matsi, sai wani ɓangare na man ya riƙa fashewa da kansa maimakon ya ci wuta a tsanake. Wannan fashewar ce nake ji, kuma idan aka bar ta tana iya huda kan fistin.

"Baba, na dawo kan maganarka," na ce masa. Ya yi murmushi ya ce araha ba ta ado, ya aika ni in sayo kan inji na 150 da kafireto PZ27, wannan karon da tsohon gaskit a aljihuna. Sabon kan yana da kwarmi mai faɗin da ya dace da fistin 62, bawul ɗinsa kuma sun fi girma, saboda haka numfashin injin ya buɗe ta shiga da ta fita. Aka sake sayen gaskit na sama, domin ba a mayar da wanda aka riga aka matse, aka sake biyan kuɗin aiki. Ƙarar tsakuwa ta ɓace a ranar, kuma a nan ne na fara jin ainihin abin da na saya.

Bayan haka sai kuloc ya karɓi nasa rabon. Ina hawa gadar Dangi da kaya sai na ji inji ya ɗaga murya amma gudu bai ƙaru ba, alamar faya-fayan kuloc suna zamewa. Sun shekara shida suna riƙe ƙarfin 125, kuma sun riga sun siɗe, ƙarin ƙarfin ne kawai ya tona su. Aka sa sababbi bayan an jiƙa su a baƙin mai, aka canza sifirin ɗinsu. Baba ya gargaɗe ni da in daina karɓar kowane irin man mota a wajen juye, domin kuloc ɗin mashin a cikin mai yake wanka, wasu mayukan mota kuwa an sa musu sinadarin ƙara santsi da yake sa shi zamewa. In nemi wanda aka rubuta wa 4T. Da muka zo canza sarƙa, wadda ita ma ta miƙe, ya ba ni shawarar a mayar da ƙaramin faifan haƙora na gaba daga mai haƙora 14 zuwa mai 15. Wannan yana rage juyawar inji da kusan kashi 7 cikin 100 a gudu ɗaya, wato na sadaukar da wani yanki na ƙarfin jan da na samu don inji ya riƙa tafiya a natse a doguwar hanya. Na yi jinkiri kafin in yarda, amma da na gwada shi a titin Zariya zuwa Kura na ji yadda hannuna ya daina kaɗuwa, ban sake waiwayar mai 14 ba.

Birki ne kaɗai abin da ba wanda ya ce in taɓa, ni na nema da kaina, bayan wata rana a Kabuga da wata mota ta tsaya a gabana ba zato na taka na ji mashin yana ci gaba da tafiya da ni da batir. Ƙarin cc bai ƙara wa birki komai ba, ya dai sa ina isa wurin da ake bukatarsa da wuri. Aka sa sababbin takalman birki gaba da baya da sabuwar wayar birkin hannu, na kuma canza tayar baya da ta fara sulɓi.

Idan aka tara duka, abin da na kashe ya kusa ninka abin da na yi niyya, ko da yake har yanzu bai kama ƙafar kuɗin sabon mashin ba. Wanda yake tsammanin mashin zai koma wani abu daban zai ji an cuce shi, domin gudun ƙarshe bai ƙaru da wani abin a zo a gani ba, kuma ni ban ma neme shi ba. Abin da ya canza yana ƙasa da tsakiya: tashi daga danja da kaya ba ya bukatar in ƙona kuloc, kuma ba na yawan sauya giya a cikin gari. Shan mai ya ɗan ƙaru idan ina tafiya ni kaɗai, musamman idan hannuna ya yi nauyi a kan totur, amma idan da lodi kusan ɗaya ne da na da, tunda yanzu ba sai na shaƙe shi a ƙaramar giya ba. Akwai kuma ɗabi'un da ya tilasta mini: ina duba baƙin mai kowace Juma'a kafin in tafi masallaci, ina wanke soson iska duk mako biyu idan ƙura ta yi yawa, kuma idan cunkoso ya tsaya cik da tsakar rana nakan kashe inji, saboda ban manta da siririn silif ɗin da ke ciki ba.

Abokan sana'a biyu sun tambaye ni ko su ma su yi. Wanda injinsa lafiya lau yake, ba ya hayaƙi, na ce ya bar shi ya ci gaba da yi masa juye a kan lokaci, domin buɗe lafiyayyen inji don cc 25 neman gira ne da zai iya cin ido. Ɗayan kuwa nasa ya riga ya fara shan mai kamar yadda nawa ya yi, sai na ce ya sayi bulok da kai da kafireto a rana ɗaya, ya kuma tafi kasuwa da tsohon fistinsa a leda.

A makon jiya aiki ya sake biyo da ni ta Ƙofar Nassarawa da batir da imbata, kusan irin lodin ranar farko, da misalin ƙarfe biyu na rana. Na shiga gadar da giya ta huɗu, na sauko ta uku a tsakiyar hawan, a ita kuma na kai har sama. Da na isa gidan da zan yi aiki na jira injin ya huce, na kwance filogi na duba, bakinsa yana nan da launin soyayyiyar gyaɗa, na mayar na ɗaure, na fara sauke kaya.